'Yata mai shekara 10 na son zuwa sansanin kwana a hutun bazara, ku ba ni shawara

Uwar Uku, Bronx:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa tura yaransu sansanin hutun bazara a nan Amurka, musamman irin wanda yara ke kwana a can.

Babbar 'yata shekararta 10. Tun da aka koma makaranta a Janairu ba ta da zance sai na wani sansani da ƙawarta ta aji ta je bara. Yana can arewacin jihar New York a bakin wani tabki, tafiyar kusan awa uku a mota. Mako biyu ne a watan Yuli, kuɗinsa dala 2,600, amma sun ce akwai tallafi ga wanda ya cike takarda kafin ƙarshen Maris.

Ni da babansu duk muna aiki. Ana rufe makaranta a ƙarshen Yuni, ba a komawa sai farkon Satumba. Bara ita da ƙannenta a falo suka cinye hutun gaban talabijin, kakarsu tana ta fama da su a ɗaki mai zafi. Ba na so bana ma a yi haka, kuma ina ganin yarinyar tana buƙatar ta ɗan fita ta ga itatuwa da ruwa.

Ga abin da ya ɗaure min kai. Ba ta taɓa kwana a wani wuri ba tare da ni ba. Tana da asma, ba mai tsanani ba, amma takan tashi idan iska ta gurɓace. Ba ta iya iyo ba ko kaɗan. Sannan na karanta a takardarsu cewa ana karɓe wayar yara ranar farko, ba a magana da iyaye sai ta wasiƙa, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Ga maganar salla da abinci. Babansu bai ce a'a ba, ya dai ce in kawo masa hujjar cewa za a kula da ita, in babu hujja babu tafiya. Ta yaya ake gane sansani na ƙwarai? In mun amince, ta yaya zan shirya ta?

Hajiya Yonkers:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maigidanki ya yi magana mai kyau, kuma hujjar da yake nema ana samunta. Yarana duk sun yi sansanin kwana suna ƙanana, yanzu autar ma tana jami'a.

Ki rufe shafinsu na intanet tukuna, hotunan kwalekwale da dawakai kowa yana da su. Abin da za ki bincika shi ne mutumin da zai kwana ɗaki ɗaya da 'yarki. Masu kula da yaran galibi 'yan jami'a ne masu neman aikin hutu, wasu ma daga Ingila ko Ostireliya ko Afirka ta Kudu ake kawo su da biza J-1, su yi wata biyu su koma. A cikinsu akwai masu hankali da tausayi ƙwarai. Amma yarinya mai shekara 19 ce za ta ji tarin 'yarki da ƙarfe biyun dare, don haka dole ki san wa ya tantance ta, kuma wa ya koya mata abin da za ta yi.

Ki fara da takardu. A jihar New York sansanin yara ba ya buɗewa sai da lasisin hukumar lafiya, kuma ana zuwa duba shi aƙalla sau biyu a shekara, sau ɗaya kafin a buɗe, sau ɗaya yara na ciki. Ki tambaye su wace ƙaramar hukuma suke, ki buga wa ofishin lafiya na can ki nemi sakamakon dubawar bara. Dokar jihar kuma ta tilasta masu su duba sunan ma'aikatansu a rajistar waɗanda aka taɓa kamawa da laifin lalata. Bayan wannan akwai ƙungiyar American Camp Association, wadda tushenta ya faro tun 1910. Shiga tantancewarta ba dole ba ne, sansani ne ke kai kansa, shi ya sa nake ba ta muhimmanci. Kada ki yarda da tambarin da suka liƙa a shafinsu, ki shiga shafin ƙungiyar da kanki ki rubuta sunan sansanin. A ma'aunin ƙungiyar na sansanin kwana, mai kula ɗaya ga yara 6 ne in shekarunsu 6 zuwa 8, ɗaya ga yara 8 in shekarunsu 9 zuwa 14. Taki tana rukuni na biyu.

Daga nan ki nemi shugaban sansanin a waya, shi kansa, ba mai karɓar kuɗi ba. Ki tambaye shi mutum nawa cikin ma'aikatan bara za su dawo bana. Inda ake wulaƙanta ma'aikata ba sa dawowa, kuma inda ma'aikata ke cikin ƙunci yara ne ke shan wahala. Ki tambayi kwana nawa ake horar da su kafin yara su iso. Ki tambayi wa ke ɗakin yara da dare lokacin da masu kula suka fita hutawa, domin suna fita, hakkinsu ne, amma a gaya miki wa ya rage. Ki tambayi ko akwai dokar da ta hana babba keɓewa da yaro ɗaya inda ba mai ganinsu. In ya fara kame-kame a wannan tambayar, ki yi masa godiya ki ajiye waya.

Tunda a bakin ruwa suke, ki ƙara da wannan. Duk mun ga abin da ya faru a Texas ranar 4 ga Yuli 2025, da kogin Guadalupe ya cika cikin dare ya afka wa wani sansanin 'yan mata, yara da masu kula da su 27 suka rasu. Allah Ya ba iyayensu haƙuri. Tun daga ranar duk wanda ya nemi shawarata ina cewa ya tambaya: ɗakunan kwana suna kan tudu ne ko a kwari? Wa ke sauraron gargaɗin yanayi da dare? In an ce a tashi, ina za a kai yara, da wace mota? Shugaban da ya san aikinsa zai amsa miki nan take, domin ya riga ya yi atisayen.

In da hali ku je ku gani ke da babansu da yarinyar, sansanoni da yawa suna buɗe ƙofa ga iyaye a watan Afrilu ko Mayu. Gani ya kori ji. Ki shiga banɗaki, ki leƙa ɗakin nas, ki duba nisan ɗakin kwana da bakin tabki. Sannan ki roƙe su lambar iyaye biyu da yaransu suka je bara, ban da maman ƙawar 'yarki.

Baban Yara, Harlem:

Maman yara, ni ra'ayina ya ɗan bambanta da na Hajiya, Allah Ya ƙara mata girma. Yarinyar da ba ta taɓa kwana a waje ba, a fara mata da mako biyu? Ni ina ganin an yi tsalle da yawa. Akwai sansanin yini, a kai ta da safe a ɗauko ta da yamma, cibiyoyin wasanni na ƙungiyar YMCA suna yi, cibiyoyin unguwa suna yi. Birnin New York ma yana da shirin yini na hutun bazara mai suna Summer Rising tun 2021, kyauta ne ga yara daga ajin share fage zuwa aji 8, sai dai wuri na cika da wuri. Ta yi yini bana, ta koyi iyo, baɗi ta tafi na kwana tana da shekara 11. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga kuma maganar aljihu, tunda kina da uku. Kuɗin sansanin yini na yaron da bai kai 13 ba yana shiga cikin rangwamen haraji na kula da yara in ku biyu kuna aiki, a fom 2441 ake cikewa. Ana lissafa har dala 3,000 ga yaro ɗaya, 6,000 ga biyu ko fiye, sai a ba ku wani kaso a ciki. Sansanin kwana ba ya shiga ko kaɗan. Wanda ke cike maku haraji zai tabbatar miki.

In kuma kun tsaya a kan na kwanan, ku duba Fresh Air Fund. Tun 1877 suke fitar da yaran birnin New York zuwa karkara, suna da sansanoni a Fishkill, kuma kyauta ne ga iyalan da kuɗin shigarsu bai wuce iyakar da suka sa ba. Fishkill ta fi kusa da ku nesa ba kusa ba a kan tafiyar awa uku.

Anti Nas:

Sannu 'yar uwa. Ni aikina jinyar yara ne, bari in tsaya a kan lafiya.

Iyo shi ne na farko, kuma ko ta je ko ba ta je ba ki sa ta a darasi yanzu. A ƙasar nan, a yara 'yan 5 zuwa 14, bayan hatsarin mota nutsewa a ruwa ce ta fi kashe su cikin haɗurra. Hukumar wuraren shaƙatawa ta birnin New York tana koyar da iyo kyauta, YMCA kuma da kuɗi. Daga Maris zuwa Yuli ya ishe ta ta koyi kwanciya a kan ruwa da riƙe numfashi. A sansani ranar farko ko ta biyu za a gwada kowa, wanda bai iya ba a tsare shi a wuri marar zurfi. Ki gaya mata tun a gida cewa babu kunya a wannan rukunin, domin yara kan yi ƙaryar sun iya don kada a raba su da ƙawaye. Ruwan tabki kuma ba a ganin ƙasansa, yana da sanyi, ya bambanta da na wurin wanka.

Asma ba ta hana zuwa sansani. Ki nemi ganin likitanta tun yanzu, don fom ɗin lafiya na sansani yana cunkushe asibitoci a watan Yuni. Ya rubuta miki tsarin abin da za a yi in asmar ta tashi, mataki-mataki. Sansanoni da yawa ko Tylenol, wato farasitamol, ba za su ba ta ba sai da sa hannun likita, don haka komai ya shiga takardar. Magunguna su tafi cikin kwalinsu na asali mai sunanta. Babbar tambayar ita ce ko za a bar abin shaƙarta a jikinta, ko mai kula da ita ce za ta riƙe. In yana kulle a ɗakin nas su kuma suna tafiyar daji, bai yi amfani ba. Ki tambayi nas tana kwana a sansanin ko tafiya take yi, da nisan asibiti mafi kusa. Ki ambaci hayaƙi: na wutar da suke hurawa da dare suna zagaye ta, da irin na gobarar dajin Kanada da ya rufe mana sama a Yunin 2023. A ranar irin wannan me suke yi da masu asma?

Sai kaska. Arewacin jihar New York yankin cutar Lyme ne, kuma kaskar da ke kawo ta ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi, 'ya'yanta ma ba su kai haka ba. Galibi sai ta wuce kwana ɗaya maƙale a jiki kafin ta sa cutar, don haka dubawa kullum ita ce kariya. Ki koya mata ta duba bayan gwiwa, hammata, cibiya, bayan kunne da gefen gashi duk lokacin wanka. Ki fesa wa tufafi da safa da takalmi maganin permethrin kafin ki shirya jaka, a kan kaya kawai, ban da fata. Bayan ta dawo ki sa ido har wata guda. Jan zoben da ake nunawa a hoto ba ya fitowa haka a baƙar fata, yakan yi kama da tabon ƙujewa, wani lokaci ba a ganinsa. In ta yi zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi ki gaya wa likita inda ta je.

Tunda kwanakin sun kai bakwai, za su ba ki wata takarda a kan rigakafin sanƙarau ki sa hannu, dokar jiha ce.

Ɗiyarku, Newark:

Anti ina wuni. Ni a nan aka haife ni, na je sansani ina yarinya, daga baya na yi aikin kula da yara a wani. Bari in faɗi yadda abin yake daga ciki.

Kusan kowane yaro yana kewar gida. Yana zuwa ne bayan cin abincin dare da lokacin kwanciya, ya fi tsanani a dare biyu ko ukun farko, sannan ya lafa. Yaran da suka fi ba mu tausayi su ne waɗanda aka ce wa "in ba ki ji daɗi ba ki sa a kira ni in zo in ɗauke ki." Don Allah Anti kada ki faɗi wannan. Yarinyar da ke da wannan alkawari ba ta ƙoƙarin yin ƙawa, lissafin awa kawai take yi, kuma a ranta ta ji mamanta ma ba ta yarda za ta iya ba. Ki ce mata za ta yi kewa, ke ma za ki yi, kuma in ta taso ta je wurin mai kula da ita ta faɗa. In abin ya wuce misali sansani ne zai kira ki, ki yi wannan yarjejeniyar da shugaban, ita ba sai ta sani ba.

Hana waya yana da dalili. Yarinya na cikin wasa lafiya lau, da ta ji muryar mamanta sai kuka, a sake sabon lale. Ke dai kina da damar buga wa ofis ki tambayi lafiyarta. Ki aika wasiƙar farko kwana huɗu ko biyar kafin ta tafi don ta same ta a can. Ki rubuta abubuwan yau da kullum, ki yi mata tambayoyi, kada ki ce gida ya yi shiru ko ƙaninta yana kuka. Ki sa mata ambulan masu adireshi da kan sarki a jaka. In wasiƙarta ta farko ta zo da hawaye, ki tuna kwanaki sun wuce tun da ta rubuta.

Shawarar Baban Yara ta fara gwadawa gaskiya ce. Ta kwana biyu a gidan 'yar uwa ba waya, ta yi wanka, ta gyara shimfiɗa, ta ware kayan datti da kanta. Ita za ta shirya jakarta kina kallo, in ba haka ba ba za ta san inda tocila take ba. A rubuta suna a kan komai har safa. A yi mata kitson da zai kai mako biyu, a ba ta hular iyo da man kai, domin mai kula da ita wataƙila ba ta taɓa riƙe irin gashinmu ba. Ki yi mata bayanin al'ada ki sa audugar mata a jaka ko da ba ta fara ba, na ga waɗanda suka fara a can.

Salla kuma ki rubuta wa shugaban, a ajiye a takarda. A Yuli asuba na yin wuri sosai, isha'i kuma takan kai lokacin kashe fitila, don haka ta tafi da jadawalin lokuta da agogon hannu, a nuna mata wuri mai tsabta. Abinci, mafi sauƙi a sa ta cikin masu cin ganye da kifi. Ki ja kunnenta a kan farar alewar nan mai laushi da suke gasawa a wuta, yawanci da gelatin na alade ake yinta. Ana sayar da ta halal, ki ba ofis su ajiye mata don kada a bar ta tana kallo. In ta kai 12 akwai sansanonin MYNA na matasa Musulmi.

Uwar Uku, Bronx:

Allah Ya saka maku da alheri baki ɗaya. Hajiya, na yi magana da shugabar, ta amsa komai ba gargada, ta ce ɗakunan suna kan tudu kuma nas biyu ke kwana. Na samu sunan sansanin a shafin ƙungiyar American Camp Association. Sun ce akwai zango na mako ɗaya a Agusta, ni da babansu mun fi karkata can, in ya so ƙannen su yi na yini kamar yadda Baban Yara ya ce. Za mu je gani a Mayu kafin mu biya. Iyo ta fara ranar Asabar.

Anti Nas, wata maƙwabciyata ta ce in tambaya mata. Ɗanta shekararsa 9, yana da sikila, ya ji 'yata na zancen shi ma ya tayar da rigima. Irinsa zai iya zuwa?

Anti Nas:

Zai iya, amma ba kowane sansani ba. Mai sikila ruwan sanyi na tayar masa da ciwo, haka ƙishirwa da gajiya a rana, kuma zazzaɓin da ya kai 101 a ma'aunin Fahrenheit na nan Amurka maganar asibiti ce a take, ba a jira safiya. Sansanin da ke tsakiyar daji da nas ɗaya bai dace da shi ba.

Akwai waɗanda aka gina don irinsu. Hole in the Wall Gang Camp yana Ashford a jihar Connecticut, ɗan fim Paul Newman ne ya kafa shi a 1988, sannan akwai Double H Ranch a Lake Luzerne nan jihar New York. Dukansu suna karɓar masu sikila, da likitoci da nas-nas a ciki dare da rana, kuma iyaye ba sa biyan ko sisi. Akwai ɓangaren fom ɗin da likitan jininsa ne zai cike, don haka ta tayar da maganar a ganinsu na gaba, ko ta buga wa ma'aikaciyar walwala ta asibitin tun wannan makon, wuraren ba sa daɗewa ba su cika ba.